Idan Aka Kashe Babbar Kwamfuta Aka Kunna, Ina Lissafin Jama'a Yake Kwana?

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar hannu, ko ya yi aiki da kwamfuta, ya san maganin farko da akan gaya masa idan na'ura ta cije, watau a kashe ta a sake kunnawa. Sau da yawa kuwa maganin yana ci. Amma akwai waɗansu manyan kwamfutoci da ba a yi musu wannan magani da garaje, su ne masu riƙe da lissafin bankuna da asibitoci da kamfanonin jiragen sama da hukumomin gwamnati. Masu aikin suna kiran irin wannan kwamfuta saba, watau mai hidima, domin aikinta shi ne amsa buƙatun dubban na'urori da ke aiko mata da saƙo dare da rana. A cikinta rumbun bayanai yake, inda aka rubuta ko nawa ne a asusun wane, da maganin da aka ba wance, da sunan wanda ya sayi kujera ta kaza a jirgin gobe. Ba a yin sakan guda ba a rubuta sabon abu a wannan rumbu ba. To, idan sabar ta mutu ana tsakiyar rubutu, me zai sami abin da ake rubutawa?

Ƙwaƙwalwa mai mantuwa

Asalin matsalar ya tsufa kamar yadda ita kanta kwamfuta ta tsufa. A ranar 21 ga watan Yuni na shekarar 1948, a Jami'ar Mancesta da ke arewacin Ingila, Frederic Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka kunna wata na'ura da aka yi wa laƙabi da Jaririya. Ita ce kwamfuta ta farko mai aiki da lantarki da ta bi umurnin da aka ajiye a cikin ƙwaƙwalwarta. Ƙwaƙwalwar nan wani bututun gilashi ne irin na tsohon akwatin talabijin, wanda ke riƙe ɗigo 1,024 na cajin lantarki a fuskarsa. Sai dai cajin yana zurarewa tun kafin a yi sakan ɗaya, saboda haka tilas na'urar ta yi ta karanta ɗigon tana sake rubuta su ba hutawa. Da zarar an ɗauke wuta, duk abin da ke ciki ya tafi.

Shekara ɗaya bayan haka injiniyoyin Mancesta suka haɗa wa babbar na'urar da ta gaji Jaririya wata ganga mai maganaɗiso, wadda ke riƙe rubutu ko babu wuta, amma tana da nawa. A shekarar 1962 kuma jami'ar da kamfanin Ferranti suka ƙaddamar da kwamfutar Atlas, wadda ta zo da dabarar yanka bayanai shafi-shafi, kowane shafi kalma 512, na'urar da kanta tana kai shafukan tana kawowa tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri da gangar mai yalwa. Kwamfutocin yau sun gaji wannan tsari. Ƙwaƙwalwar aikinsu har yanzu caji take riƙewa, har yanzu sai ana sabunta shi sau da dama a kowane sakan, kuma har yanzu tana mantuwa idan wuta ta ɗauke. Ma'ajiyar dindindin kuwa, watau faifai, ba ta mantuwa, amma faifai mai juyawa yakan fi ƙwaƙwalwar aiki jinkiri kamar sau dubu ɗari. Ko sabon faifan nan marar juyawa bai kama ƙafarta a wajen sauri ba.

Saboda wannan bambanci, rumbun bayanai ba ya ruga wa faifai da kowane ɗan canji. Yakan ɗauko shafin da ake bukata ya ajiye a ƙwaƙwalwar aiki, ya yi gyara a can, sa'an nan ya mayar da shi faifai idan ya sami sarari. A kowane lokaci ke nan akwai shafuka masu yawa da aka canza a ƙwaƙwalwa waɗanda faifai bai sami labarinsu ba tukuna. Lamarin ya yi kama da akawun babban kanti wanda ke rubuta cinikin da ake yi a kan allo, da niyyar kwafewa cikin babban littafi idan kasuwa ta lafa. Aiki yana sauri ta haka, amma idan ruwa ya zuba a kan allon kafin a kwafe, cinikin yinin ya salwanta.

Ciniki da sallamawa

Hatsarin bai tsaya ga ɓatan rubutu ba. A ce wani mai kanti a birnin Bamingam ya aika wa dillalinsa na Mancesta fam 500. A wurin banki wannan aiki rubutu biyu ne: a rage 500 daga asusun mai kanti, a ƙara 500 a asusun dillali. Idan na farko ya isa faifai, sabar ta mutu kafin na biyu ya isa, to kuɗin ya bar hannun mai shi bai shiga hannun kowa ba. Idan kuwa na biyun ne ya riga isa, banki ya haifi fam 500 da babu shi a duniya. Ɓatan rubutun gaba ɗaya ya fi wannan sauƙi, domin mai kanti zai ga kuɗinsa yana nan ya sake aikawa. Rabin rubutu shi ne mugun abu, gama littafi zai nuna lissafin ƙarya ba tare da wata alama ba.

Masana sun yi maganin wannan a cikin shekarun 1970, musamman Jim Gray da abokan aikinsa na kamfanin IBM a Amurka. Dabarar ita ce a ɗaure duk rubuce-rubucen da ke cikin aiki ɗaya su zama ƙulli guda, ko dai su tabbata dukkansu, ko kuwa a shafe su dukkansu kamar ba a fara ba. Akwai kuma wani lokaci takamaimai da ƙullin ke tabbata. Bahaushe ya san irinsa a kasuwa. Muddin ana tayawa mai kaya yana cewa albarka, kowa yana iya tafiyarsa, amma da zarar ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. Haka rumbun bayanai yake: abin da bai sallama ba yana da ikon zubarwa, abin da ya sallama kuwa ya zama alkawari a wuyansa, ko da wuta za ta ɗauke a sakan na gaba. A shekarar 1983 waɗansu masana biyu na Jamus, Theo Härder da Andreas Reuter, suka tsara sharuɗɗa huɗu na wannan alkawari waɗanda ake koyarwa har yau: aiki ya cika ko ya ɓace ɗungum, ya bar lissafi daidai da ƙa'idojinsa, kada ya cakuɗe da aikin wani da ake yi lokaci ɗaya, kuma ya dawwama bayan sallamawa.

Yaya za a cika alkawarin dawwama alhali kuwa shafuka suna zaune a ƙwaƙwalwa mai mantuwa? Amsar ita ce a ƙara wa akawu littafi na uku, ƙaramin littafin yini. Kafin a taɓa babban littafi, sai a rubuta a littafin yini abin da za a canza, da yadda yake a da, da yadda zai koma. Wannan littafi a faifai yake, kuma rubutu a cikinsa yana da sauri, domin layi ake bi daga sama zuwa ƙasa, ba a yawon neman shafi. Ƙa'idodinsa biyu ne. Ta farko, ba a mayar da shafin da aka canza zuwa faifai sai labarin canjin ya riga shi shiga littafin yini. Ta biyu, ba a gaya wa mai aiki cewa an sallama sai faifai ya tabbatar da cewa layin sallamawar ya zauna. Lokaci-lokaci kuma rumbun yakan yada zango, watau ya kwashe shafukan da suka taru a ƙwaƙwalwa ya zuba a faifai, ya sa alama a littafin yini cewa duk abin da ya gabaci wannan wuri ya isa gida.

Kashewa iri biyu

Da wannan za a gane cewa kashe saba iri biyu ne. Akwai kashewa cikin tsari, inda ake sanar da rumbun bayanai tun da wuri. Sai ya daina karɓar sabon aiki, ya bar waɗanda ke gudana su ƙare ko kuwa ya warware su, ya yada zango na ƙarshe, sa'an nan ya rufe littattafansa. Idan aka sake kunnawa ba shi da wani gyara. Abin da kawai za a lura da shi shi ne nawa na ɗan lokaci, domin ƙwaƙwalwar aiki ta tashi fayau, sai an sake ɗebo shafuka daga faifai ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma mutuwar farat ɗaya, ko don wuta ta ɗauke, ko na'ura ta cije, ko wani ma'aikaci ya gaji da jira ya danne maɓallin kashewa. Idan rumbun ya farka daga irin wannan, ba ya buɗe ƙofa ga kowa sai ya yi bincike. Hanyar da yawancin rumbuna ke bi ta samo asali daga tsarin da C. Mohan da abokan aikinsa na IBM suka bayyana a shekarar 1992, kuma matakai uku gare ta. Da farko rumbun zai karanta littafin yini daga zangon ƙarshe, ya ware ayyukan da aka sallama da waɗanda mutuwa ta riska a hanya. Na biyu, zai maimaita canje-canjen da ke rubuce, har shafuka su koma yadda suke a lokacin da wuta ta ɗauke. Na uku, zai bi ayyukan da ba a sallama ba ya warware su daga ƙarshe zuwa farko. Game da fam 500 na mai kantin Bamingam, idan layin sallamawa yana cikin littafi, dillali zai ga kuɗinsa. Idan babu shi, kuɗin zai koma asusun mai kanti cif.

Tsawon wannan bincike ya danganta ga nisan zangon ƙarshe da kuma girman aikin da aka katse. Yana iya zama sakan kaɗan, yana iya kai sa'o'i. A nan ne ma'aikaci marar haƙuri yakan ƙara wa kansa wahala: ya ga sabar ta yi shiru, ya ɗauka ta sake cijewa, ya sake kashe ta. An gina tsarin yadda zai jure wannan, amma an ƙara tsawon jira ke nan. Wanda ya fi muni shi ne mai share littafin yini don ya ga ya cika faifai, ko don ya tilasta wa rumbun ya buɗe. Wannan ya ƙone shaidar da za a gyara lissafi da ita.

Inda alkawari kan karye

Duk da ingancin wannan tsari, yana tsaye ne a kan gaskiyar faifai. Faifai da yawa suna da 'yar ƙwaƙwalwa tasu mai mantuwa, kuma waɗansu sukan amsa cewa sun rubuta alhali abin yana cikin 'yar ƙwaƙwalwar nan. Idan wuta ta ɗauke a wannan taƙi, rumbun ya riga ya gaya wa mutum an sallama, ga shi kuwa babu komai a rubuce. Shi ya sa manyan ma'aikatu ke sayen faifai masu batir ko ma'ajin caji, wanda zai ishe su ƙarasa rubutu. Waɗansu masu kula da rumbuna kuma da hannunsu suke cire sharaɗin jiran tabbacin faifai don aiki ya yi sauri, ba za su ga illar ba sai ranar da wuta ta ɗauke. Har ila yau akwai yagaggen shafi: shafin rumbun bayanai ya fi gutsuren da faifai ke rubutawa a bugu ɗaya girma, saboda haka mutuwa tana iya barin rabin shafi sabo rabi tsoho. Rumbuna irin su PostgreSQL da MySQL suna kare kansu ta wajen ajiye cikakken kwafen shafin a wani wuri kafin su taɓa na asali.

Ajiye saba ta biyu mai kwafar ta farko yana rage hatsari, amma shi ma da nasa tarko, domin ta biyun takan kasance a baya da ɗan lokaci. A ranar 21 ga Oktoba, 2018, hanyar sadarwa ta kamfanin GitHub a gabashin Amurka ta yanke na tsawon sakan 43. Na'urori suka miƙa ragamar aiki ga rumbunan da ke yammacin ƙasar, alhali akwai rubuce-rubucen 'yan sakanni a gabas da ba su ƙetara ba. Aka wayi gari da littattafai biyu, kowanne yana ɗauke da abin da ɗayan ba shi da shi. Kamfanin ya zaɓi ya kare lissafi ko da aiki zai tsaya, kuma sai da aka shafe sa'a 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita.

Ita kanta wutar, yadda aka mayar da ita yana da muhimmanci kamar yadda aka ɗauke ta. A ranar 27 ga Mayu, 2017, aka katse wutar wata cibiyar kwamfutoci ta kamfanin British Airways kusa da filin jirgin sama na Heathrow, aka kuma mayar da ita ba bisa tsari ba, har na'urori suka lalace. Fasinjoji wajen 75,000 abin ya shafa, shugaban uwar kamfanin, Willie Walsh, ya ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 80. A filin jirgin sama na Mancesta ma, da asubahin Lahadi 23 ga Yuni, 2024, wata wayar lantarki ta sami matsala. Wuta ta dawo, amma na'urorin tantance kaya da na binciken fasinja ba su farfaɗo tare da ita ba, aka soke tashin jirage masu yawa a wannan yini. Manyan na'urori suna dogara da juna, dole a tashe su bi da bi, rumbun bayanai ya gama bincikensa kafin masu aiko masa da saƙo su fara.

Akwai kuma matsalar amsar da ta ɓace a hanya. Rumbun yana iya sallamawa, sa'an nan layi ya yanke kafin labari ya koma wa na'urar da ta aiko. Masu cire kuɗi a wurin masu POS a Kano ko Zariya sun san wannan: na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba, saƙon banki kuwa ya ce an cire kuɗi. Idan aka sake gwadawa ba tare da lura ba, ana iya cirewa sau biyu. Maganinsa shi ne kowane ciniki ya zo da lambarsa, yadda rumbun zai gane maimaici ya ƙi shi. Inda aka yi sakaci da irin wannan, mutane ne ke biya. Tsarin Horizon na gidan waya na Birtaniya, wanda aka fara aiki da shi a 1999, yana da kurakurai da suka haɗa da rubuta ciniki ɗaya sau da yawa idan allon na'ura ya cije. A reshen Lepton, a shekarar 2012, layi ya yanke ana tsakiyar biyan kuɗin tarho, na'ura ta warware cinikin da kanta, amma bayanan da masu bincike suka saba dubawa suka nuna kamar mai kula da reshen ne ya warware. Sai da aka tono bayanai na can ƙasa aka ga gaskiya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 a gaban shari'a bisa shaidar wannan tsari, waɗansu har da ɗauri, kafin babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa yana da kurakurai masu iya haddasa giɓi a lissafi.

Darasin Bamingam

Littafin yini yana kare abin da aka rubuta, amma ba shi da ikon sanin ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Majalisar birnin Bamingam, mai hidima ga mutum fiye da miliyan ɗaya, ta koma wani sabon tsarin lissafi na kamfanin Oracle a watan Afrilu na 2022. An yi kasafin kamar fam miliyan 19, amma zuwa 2023 ana maganar kusan miliyan 100. Sashen da aka gina don daidaita kuɗin da ke shiga banki da abin da ke cikin littafi ya kasa aiki yadda ya kamata, ma'aikata suka koma daidaita ɗimbin ciniki da hannu. Bugu da ƙari, wajen wata 18 ba a kunna sashen da ke rubuta wanda ya taɓa lissafi da lokacin da ya taɓa ba, saboda haka masu binciken kuɗi suka rasa sawun da za su bi. A ranar 5 ga Satumba, 2023, majalisar ta ba da sanarwar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Babban dalilin da ta bayar shi ne bashin daidaita albashin mata da maza, wanda aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, amma rikicin sabon tsarin yana cikin abin da ta ambata. A nan ba wutar da ta ɗauke, ba sabar da ta mutu, kowane ciniki ya shiga faifai lafiya, duk da haka hukuma ta kasa faɗin inda kuɗinta yake dalla-dalla.

Ga ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan magana ta fi shafarsu. Batirin tsaro da akan haɗa wa saba yana riƙe ta na mintoci kaɗan ne, kuma amfaninsa shi ne ya ba janareta damar tashi, ko ya ba rumbun damar rufe littattafansa cikin tsari. Batirin da aka shekara ba a gwada ba bai cancanci a dogara da shi ba. Haka nan kwafen ajiya: tilas a riƙa ɗaukarsa, a kai shi wani gini dabam, a kuma riƙa gwada mayar da shi, domin sau da yawa ranar bukata ake gano cewa kwafen ya lalace tun tuni. Ƙwararrun ma'aikata sukan zare wa sabar gwaji wuta da gangan ana tsakiyar rubutu, su ga ko za ta tashi da lissafi daidai. Bayan kowace mutuwar farat ɗaya kuma sukan gwada jimillar littafi da ta banki kafin su buɗe wa jama'a.

Shi kuwa mai asusu, abin da ke hannunsa kaɗan ne, amma yana da amfani. Idan na'ura ta yi shiru bayan ya danna, ya dakata ya duba asusunsa kafin ya sake dannawa, ya kuma adana rasiɗi da lambar ciniki. Wannan 'yar takarda ita ce littafin yininsa, kuma da ita zai tsaya a gaban banki ranar da lissafin na'ura ya saɓa wa nasa.